Ranar da Iya Ta Kira Sunansa

Fitilar da ke goshin akwatin ta koma ja da hantsi, Iya tana tsakiyar magana.

"Kai, ka ci abin..." in ji ta. Ta tsaya. Ta sake faɗa. Ta sake tsayawa.

Shu'aibu ya ajiye kofin kunu ya zuba wa akwatin ido. Ma'ajin-murya ake kiransa, kusan kowane gida a Tudun Haske akwai shi. Yana zama a kusurwar ɗaki yana sauraron mutum muddin ransa, ya koyi muryarsa da tarinsa da irin faɗansa. In mutum ya rasu, sai akwatin ya ci gaba da hira a madadinsa. Abin da ya koya a cikinsa yake ajiye, amma sai da intanet yake aiki, domin tunanin a rumbun kamfanin da ya ƙera shi ake haɗa shi, can ƙetaren teku. Tun rasuwar Iya, mahaifiyarsa, bara, tare da akwatin nan Shu'aibu ke karya kumallo.

Ya yi abin da kowa ke yi. Ya kashe ya kunna. Ya zare waya ya hure bakinta ya mayar. Ya hau soro ya juya farantin da ke kamo saƙo, jiragen kai kaya suna ta wucewa bisa kansa. Da ya sauko, ja ce dai.

Bayan azahar Kubura mai gyara ta iso da jakarta. Ta jona kwamfutarta, ta daɗe tana kallo.

"Malam Shu'aibu, wannan akwatin ai ya girme ni. Layinka lafiya lau. Kamfani ne suka sauya tsari, tsohon ba ya jin yarensu."

"To yaya za a yi?"

"Ka ga ramin nan a baya? A soka tsinke a danne, ya koma sabo fil. Sai su turo maka Iya daga wajensu."

"Ita ɗin dai?"

"Ita mana. Har sun fi iyawa yanzu. Inda suka ga giɓi, sai su cike da abin da yawancin uwaye ke faɗa."

"In na bar shi fa?"

"Haka za ta yi ta tambayarka abinci har batir ya mutu. Daga nan shiru."

Bai ji tsoro ba, bai ji komai ba. Ya je ya karyo tsinke daga tsintsiyar Iya da ke jingine bayan ƙofa, ya miƙa mata.

"A'a, kai za ka danna. Ni ba na taɓa uwar mutum."

Ya danna. Fitilar ta mutu, ta dawo ruwan ɗorawa, can ta zama koriya. Aka ji tarin nan nata, ƙanana biyu, kamar kullum.

"Shu'aibu," in ji muryar. "Shu'aibu ɗana, na yi kewarka."

Kubura ta tafa hannu. "Ka gani? Tangaram!" Ta fara naɗe waya, sai ta lura bai motsa ba. "Lafiya?"

"Ba ta taɓa faɗa ba."

"Me?"

"Sunana."

Hannun Kubura ya tsaya. "Kai ne ɗan fari?"

Ya gyaɗa kai. Iya mutuniyar da ce, mai alkunya. Tun yana goye ba ta kama sunansa ba. "Kai" take cewa, ko "wancan". In ya yi tafiya ya dawo, ba ta ko ɗago kai, sai dai ya tarar an rufe masa tuwo da man shanu fiye da na kowa. Su kuwa can a rumbun, da suka duba maganganunta ba su ga sunan ɗanta ba, sai suka ɗauka ɓacewa ya yi, suka gyara.

"Ana iya mayar da ta da?" in ji Shu'aibu.

Kubura ta dubi tsinken da ke ƙasa. "Ta da a cikin akwatin take. Ita muka goge."

Ta ce Allah ya ji ƙan Iya, ya ce amin. Ta fita a hankali, ta ja masa ƙofa.

Ya zauna kan tabarma. Kunun ya yi sanyi, ya kafe a kofi. Fitilar tana nan koriya, ko ƙyaftawa ba ta yi.

"Shu'aibu, na ji ka yi shiru. Ka san ina ƙaunarka?"

Muryar tata ce, har da 'yar shaƙewar nan. Ya jira ko za a ce "kai". Ba a ce ba.

"Na'am," ya ce, yadda ake amsa wa baƙuwa a bakin zaure.