Mai Raba Ƙwaya

Gogo tana tsakar gidanta a Dogo Nini tana watsa wa kaji tsaki sai ga ƙaninta Baffa Bobbo ya yi sallama, fuska a murtuke kamar wanda sa ya ɓace wa a kara. Bilyamin ya miƙe daga kan turmi da murna, don ya san daga binciken aurensa aka dawo. Gogo ce ta rene shi tun rasuwar mahaifiyarsa. Ita kam ciki biyar ta yi a ƙuruciyarta, duk suka zube, saboda haka Bilyamin ne idonta.

"Yarinyar nan ƙwaya take rabawa," in ji Baffa tun bai zauna ba.

Ya ce ba daga bakin maƙiyi ya ji ba. Kakar Ikhlas, budurwar Bilyamin, ce da kanta, a can Yerimaram, ta gaya masa cikin alfahari cewa jikarta tana jami'a safe da yamma a kan rabon ƙwaya, har da ta 'yan tayi. Wai har daga ƙasar waje ake aiko mata da kayan aiki.

Ƙwaryar tsakin ta suɓuce wa Gogo. Kowa a Potiskum ya san ƙwaya, ita ce ta mayar da samarin unguwa masu zance su kaɗai. Ga kuma ɗan tayi a cikin maganar! Me ya haɗa budurwa da ɗan tayi in ba zubar da ciki ba? Ta juyo ta ce Bilyamin ya faɗa mata aikin yarinyar.

To, a nan gizo yake saƙa. Shekara biyu Ikhlas tana yi masa bayanin bincikenta a zaure, shi kuwa gogan wushiryarta yake kallo yana gyaɗa kai. Ya sosa ƙeya, ya lalubo abin da ya maƙale a kansa.

"Eh to, ƙwayar ce, Gogo – amma ai da kanta take rabuwa."

Baffa ya tafa hannu, ya ce ka ji, har amsa ta koya masa. Gogo ta rantse goron sa ranar da aka shirya kaiwa Asabar ba zai fita daga gidan nan ba. Ta ce ita da ta yi kukan ciki biyar ba za ta haɗa zuri'a da mai zubar da na mutane ba. Ta shige ɗaki tana sharar hawaye.

A cikin keke Napep zuwa Yerimaram kan Bilyamin ya kulle tamau. Ya san Ikhlas, ya san ba ta wasa da salla. Amma kuma ya tuna ta taɓa cewa a firji take ajiye su, da safar hannu take taɓawa, kuma ba kowa ake bari ya shiga lab ɗin, wato ɗakin gwaje-gwajensu, ba. Wace irin ƙwaya ce ake kulle wa ƙofa? Ya rasa ta kamawa, har ya wuce layin su Ikhlas bai sani ba.

Da ya zayyana mata abin da ya faru, Ikhlas ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta ga bai yi ba, kuma ya sunkuyar da kai yana tambayar wace iri ce tsakani da Allah, sai dariyar ta koma kuka.

"Shekara biyu, Bilyamin! Ina magana kana cewa 'yes, yes', ashe ko kalma ɗaya ba ka ji ba?"

Ya yi ta sori yana ba ta haƙuri. Ta share ido, can ta tambaye shi ko akwai kazar da ke kwanci a gidan Gogo. Ya ce akwai, yau kwana uku. Ta ce ya tafi sai gobe. Ya koma gida ya fi zuwansa ruɗewa, yana tunanin ko baƙin ciki ne ya taɓa mata kai.

Washegari da hantsi ta zo tare da yayarta Basira. Suka durƙusa suka gaida Gogo, ta yi kamar da bango ake. Ikhlas ba ta tashi ba har ƙafarta ta yi tsami, sannan ta roƙi aron ƙwai ɗaya daga ƙarƙashin kazar, ta yi alkawarin ba za ta fasa ba. Mamaki ne kawai ya sa Gogo ta ɗauko.

Suka shiga ɗaki aka saki labule. Ikhlas ta kunna tocilan ɗin waya ta kara a gindin ƙwan. Sai ga jajayen zare sun bayyana a ciki, a tsakiyarsu wani ɗan ɗigo yana motsi, ɗif, ɗif. Ta ce zuciyar ɗan tsakon ke nan. Gogo ta shekara arba'in da kaji, ba ta taɓa ganin wannan ba. Daga nan Ikhlas ta kunna bidiyon da ta ɗauka ta madubin lab mai ƙara girman abu, na ƙwan kwaɗo: dunƙule ɗaya ya tsage ya zama biyu, biyu suka zama huɗu, huɗu takwas.

"Ita ce ƙwayar, Gogo, ƙwayar halitta. Da ni da ke da ɗan tsakon nan duk daga guda ɗaya muka fara. Ba ni nake raba ta ba, Allah ne. Ni kallo nake ina rubutawa."

Ta ce abin da take nema shi ne dalilin da wani lokaci rabuwar take karkacewa tun kwanakin farko, ɗan tayi ya daina girma, cikin ya zube. Gogo ta ɗago a hankali.

"Ko uwar ba ta ɗauki tulu ba? Ko ba ta yi daka ba?"

"Sau da yawa ko a kwance take wuni, Gogo. Ba ita ta jawo ba."

Gogo ta zauna daɓas a bakin gado. Shekara talatin ke nan da dangin mijinta suka ce rawar kanta da son aiki ne suke kashe mata 'ya'ya, kuma ta yarda, ta ɗauki laifin ta yi ta yawo da shi. Ta yi kuka sosai, Ikhlas na riƙe da hannunta. Bilyamin yana bakin ƙofa, ya zo a wanke budurwarsa sai ga uwarsa aka wanke, shi ma hawaye ya kubce masa.

Can Gogo ta karɓi ƙwan, ta mayar ƙarƙashin kazar da kanta kafin ya huce. Ta aika wa Baffa ya ƙara ƙwaryar goro a kan na Asabar. Bilyamin kuwa ta kama kunnensa ta murɗe, ta ce daga yau in matarsa na magana ya rufe ido ya buɗe wannan.

Haƙurin Ikhlas ya kai ta ɗakinta. Sauran kuma mu kiyaye: a tambayi mai abu kafin a yanke masa hukunci, don rabin magana ya kusa raba masoya, ya kuma riga ya cinye wa Gogo shekara talatin.