Mufida a Bakin Ruwan Wara

Mufida tana durƙushe a gindin murhu tana juya kifin banda, hayaƙi yana cin idonta, sai ta ji sallamar Inna Dudu, mahaifiyar Sufyanu, saurayin da aka sa musu rana bayan kaka. Ta yi maza ta shimfiɗa tabarma ta gaishe ta har ƙasa, amma dattijuwar ba ta zauna ba. A tsaye ta faɗa wa Mariya, mahaifiyar Mufida, abin da ya kawo ta. Ta ji labarin yarinyar ta shiga ƙungiyar matasan nan 'yan sa-kai masu ceton mutane a ruwa, tana sa riga mai ruwan lemo tana kai da kawo cikin maza.

"Ni dai ba ni kawo ma ɗana macce mai taɓin gawa," in ji ta. "Ko ta hita, ko a hwasa."

Ta juya ta tafi, ta bar Mufida da hawaye.

Ba don neman suna Mufida ta shiga ƙungiyar ba. Shugaban ƙungiyar ne ya taɓa zuwa Islamiyyarsu, ya ce sau da yawa akan tsamo mace da sauran ranta, maza su tsaya kunyar taɓa ta, kafin a nemo mace mai sanin abin yi rai ya fita. Maganar ta hana Mufida sukuni. Da izinin mahaifinta ta je aka ba ta horo, ta koyi danna ƙirji da hura numfashi.

Da yamma Sufyanu ya zo zance, hannunsa duk baƙin mai, don gyaran injin jirgin ruwa ne sana'arsa. Ya ce shi kam yana alfahari da ita, amma Inna uwa ce, ba zai iya ja da ita ba. Ya roƙe ta ta ajiye rigar ko na ɗan lokaci ne.

"Sufyanu, ni kaɗai ce mace a cikinsu," ta ce. "In na aje, wa za a kira?"

Suka rabu kowa zuciyarsa a jagule, maganar aure kuma ta tsaya cik. Mufida ta rame, amma ba ta taɓa faɗin baƙar magana a kan Inna Dudu ba. Duk inda suka haɗu sai ta rusuna ta gaishe ta, ko da ba a amsa ba.

Ranar wata kasuwar Wara, cikin tsakiyar damina, hadari ya taso bayan azahar. Babban tafkin da garin yake bakinsa, wanda ya wuni kwance, ya yi baƙi ƙirin, igiyar ruwa tana tashi kamar katanga. Wani jirgin katako da ya taso daga tsallake maƙil da mutane ya daki kututturen icce da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, ya dare gida biyu a kan idon jama'a. Samarin ƙungiya suka faɗa kwale-kwale, masunta suka bi su. Mufida ta tsaya a gaɓa tana karɓar duk wanda aka kawo.

Can aka fito da wata Bafulatana mai tallar nono, Bilkisu, jikinta sanyi ƙalau, leɓɓanta sun sauya launi. Wani dattijo ya duba ta ya fara salati, aka ce a rufe ta. Mufida ta durƙusa ta ce mata su kewaye su da mayafi. Wadda ta fi kusa, ta zo sayen shinkafa ruwa ya tsare ta, ita ce Inna Dudu. Ba ta san lokacin da ta ware mayafinta ta riƙe ba.

Mufida ta kwance wa matar zani, ta ɗora tafin hannu a ƙirjinta tana dannawa, ta hura mata iska a baki, ta koma dannawa. Ruwan sama yana dukan bayanta. Matan suka fara ce mata ta haƙura, mai ita ya karɓi abarsa. Ba ta ko ɗaga kai ba.

Sai ƙirjin Bilkisu ya motsa. Ta yi wani irin tari, ruwa ya bulbulo ta baki da hanci, ta buɗe ido tana kiran sunan ɗanta.

Mufida kanta ta zauna daɓas a cikin taɓo tana kallon hannayenta, don sai yau ta ga abin da aka koya mata a jikin mutum mai rai. Ta san ba ita ta yi ba, an dai bi ta hannunta ne.

"Allahu Akbar!" Inna Dudu ce ta faɗa, hawaye na zuba. "Da idona na gani. Ɗiyata, tashi, ga wata can an kawo."

Ba kowa aka samu da rai ba a ranar, garin ya yi makoki. Da aka share zaman makoki, Inna Dudu ta tako da ƙafarta har gidan su Mufida, ta zauna, ta ce wa Mariya a yafe mata, rashin sani ne ya sa ta. Da kaka ta yi aka ɗaura aure, kuma har yau in an buga waya daga bakin ruwa, Sufyanu ne yake ɗaukar matarsa a babur ya kai ta.

Da Mufida ta mayar da martani ranar da aka ci mata fuska, da ta rasa miji; da kuma ta ajiye rigarta, da Bilkisu ba ta koma ga ɗanta ba. Wanda ya riƙe aikin alheri, ya haɗa shi da ladabi da haƙuri, Allah ba ya barin sa ya taɓe.