Damin da Baba Sanda Ya Yafe

Mansura na tankaɗe a tsakar gidansu a Maijirgi, sai ga sallamar Abdurrahamane. Shi ne saurayinta, tun bara aka kai goron tambaya, sa rana kaɗai ta rage. Ya tsaya bakin danni, fuska ba walwala.

– Lahiya? Ka yi kamar wanda esans ɗin babur ya ƙare wa a daji, in ji Mansura.

– Inna ce. Ta ce ko ki bar formasiyon ga ta Tasawa, ko a bar zancen aure.

Mansura ta aje rariya. Bayan ta faɗi bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, ne wata cibiya a Tasawa ta ɗauke ta karatun parajuris, wato masu taimakon talaka ya gane shari'a. Ana koya masu dokar filaye, da gado, da yadda ake sulhu, wanda ya gama kuma yakan samu aiki a biron lauya ko meri, wato ofishin magajin gari, ko wata ƙungiya.

– Mi na yi wa Inna?

– Wai macen da ta san shari'a ba ta zaman aure. Ranar da na ɗaga maki murya, sai dai ta gan ni a tiribinal!

Ta yi dariya, amma hawaye suka biyo baya.

– Allah ya sani ina son ka. Amma ba ni bari. A gabana aka raba gwaggona da gonarta don ba ta san inda za ta kai kuka ba. Ka yi haƙuri da ni.

Haka aka yi ta ja, wata da watanni. Inna Zara'u, mahaifiyar Abdurrahamane, ta daina amsa gaisuwarta, 'yan mata a rijiya suka laƙaba mata Madam Alƙali. Ta yi kuka iya kuka, amma kullum da safe tana bisa kabu-kabu sai Tasawa.

To, ga inda gizo ya yi saƙa. Shekaru da yawa da suka wuce, Baba Sanda, mahaifin Abdurrahamane, ya ba wani maƙwabci aron gona. A al'ada, mai aro kan kawo dami ɗaya kowace kaka, don kowa ya shaida gona ba tasa ba ce. Wata shekarar fari, tausayi ya sa Baba Sanda ya ce a bar kawo damin. Maƙwabci ya rasu, ɗansa Ɗanjuma ya tashi bai taɓa ganin an kai dami ba, sai ya ce gonar ubansa ce, har ya dasa itatuwa ya tabbatar.

Ran Baba Sanda ya ɓaci. Wata safiya, gero ya yi ciki, ya tara 'ya'ya da ƙanne, aka loda adduna a amalanken jaki, za su sare shukar kaf. Abdurrahamane ya kira Mansura a ɓoye.

Kowa ya san budurwa ba ta tsayawa gaban uban saurayinta, in ta hango shi ma sai ta sake hanya. Amma ran nan Mansura ta sha gaban jaki a bakin gari, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta durƙusa.

– Baba, ku gahurce ni.

– Kun gani ko? in ji Inna Zara'u, wadda ta biyo su. Ga rashin kunyar da nike hwaɗa maku!

– Baba, gona taku ce. Amma in kuka sare geron ga, zancen gona ya ƙare, sai zancen ɓarna, kuma jandarma ku za su ɗauka. Akwai tsohhin da suka ga ana kawo dami. A tara su gun maigari da komisiyon filaye.

– Ke za ki koya mani gonata? Baba Sanda ya daka mata tsawa.

– A'a, Baba. Tsare ta nike so in yi, in tsare girmanku. In an hwasa aurena don wagga tsayuwa, na yarda. Amma jakin ga sai dai ya taka ni!

Sai Abdurrahamane ya diro daga amalanke, ya aje addarsa, ya durƙusa gefenta. Baba Sanda ya daɗe yana kallon su, ya yi tsaki, ya juya kan jaki gida.

Mansura ta bi tsofaffi gida gida, har Kona ta je neman wani da ya ƙaura. Ranar sulhu suka faɗi abin da suka gani. Ɗanjuma, bawan Allah, ba ɓarawo ba ne, bai sani ba ne kawai. Ya sunkuyar da kai ya nemi gafara. Aka bar masa noma, aka rubuta aro ne, dami kuma ya dawo.

Da kaka damin ya iso ƙofar Baba Sanda, ya ce kada a sauke.

– Ku wuce da shi gidan su yarinyar ga, ku haɗa da goron sa rana.

Aka sha biki, ta karɓi difilom, wata ƙungiya ta ɗauke ta aiki a Tasawa. 'Yan'uwana 'yan mata, karatu ba ya kore kunya, kuma wadda ta yi haƙuri a kan gaskiya ba ta taɓewa, ko da dangin miji ne suka tsaya mata a gaba.

Ana cikin kwanakin amarci Inna Zara'u ta shigo ɗakin Mansura, ta leƙa waje, ta saki labule, ta rage murya.

– Ɗiyata, gonar ubanmu ta Mayahi, tun rasuwarshi yayyena maza suka riƙe. Mace tana da rabo, ko?

– Kina da shi, Inna.

Tsohuwa ta share ido da bakin zane.

– To, yaushe za mu tahi?