Wa Ke Ɗauke Maganin Asama'u?

Asama'u ta buɗe kwanon samirar da take ajiye maganinta, ta tarar babu komai sai ɓurɓushin jar ƙasa. Karo na uku ke nan, ga shi babu yaro a gidan balle a ce ɓarna ce.

"An sake ɗaukewa," ta faɗa wa mijinta Tasi'u.

Ya leƙa kwanon ya mayar da murfin. A shekarar nan da shiga motar Kano ta gagari talaka, akuyarsa ya sayar ya kai ta asibiti. Shekara huɗu da aure, ɓatan wata kam tana yi, amma ba na ciki ba, ga gashi ya fara tsiro mata a haɓa. Gwajin jini ya fito lafiya lau, hoton ciki ne ya nuna ƙananan ƙulle-ƙulle a ma'ajiyar ƙwanta. Likita ta rubuta mata maganin masu ciwon suga, ta ce ko babu sugan yana taimaka wa irin larurarta.

Mutanen ƙauye kuwa ba sa rasa fassara. Jini lafiya, mace da gemu, magani na ɓacewa? Ai namijin dare ne ya aure ta, shi ke kishi. Tun tana ƙaryatawa har ita ma ta fara waige idan labule ya motsa.

Uwar mijinta, Inna Hure, ta yanke hukunci. "Da an girbe dawa ka mai da ta gidan ubanta."

"Inna, rizal ɗin asibitin fa ya nuna..."

"Rufe mini baki da rizal ɗinka."

Tasi'u yana son matarsa kamar ransa, amma bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba. Dawa kuwa har ta fara ja.

Wata rana da tsakar rana, lokacin da ko tsuntsu ba ya kuka, Asama'u ta ɗauki fura za ta kai masa gona ta hanyar maƙabarta. Sai ta ji shessheƙar mace daga cikin dawa. Babu iska, amma karare na motsi. Ta kama karanta Ayatul Kursiyyu tana matsawa, don ta gaji da tsoron abin da ba ta gani.

Wata ce durƙushe da farin mayafi tana tonon ƙasa da hannu. A ramin, ga fakitocin maganinta.

"Inna?"

Tsohuwar ta ɗago, hawaye sun jiƙa mata fuska.

"Irinsa ne sak, 'yar nan. Shi ne uban Tasi'u ya yi ta sha har aka yanke masa ƙafa, har muka kai shi can." Ta nuna maƙabartar. "An ce jininki lafiya, don me za a ɗora ki a kan maganin masu mutuwa? Gara ki koma gidanku da ranki, in haƙura da jika."

Asama'u ta ajiye ƙwaryar ta rungume ta, suka yi ta kuka. Ashe aljanin da take tsoro, ƙauna ce ta hana shi barci.

Tasi'u ya sake shiga motar Ɗambatta zuwa Kano, wannan karon har da Inna. Likita ta zaunar da ita ta yi mata bayani: ciwon ne ya kashe mijinta, maganin ma shi ya ja masa kwana. Daga baya aka ƙara wa Asama'u wani na fitar da ƙwai. Sai da aka girbe dawa sau biyu kafin a ji kukan jariri a gidan, aka sa masa sunan kakansa.

Mai haƙuri yakan dafa dutse. Kuma kafin ka kira mutum maƙiyi, tambayi abin da yake tsoro.

Kwanon samirar nan kuwa tun daga ranar ya koma ɗakin Inna. Kullum bayan an ci tuwo, ita ke miƙa wa Asama'u ƙwayar da hannunta, ta tsaya sai ta ga ta haɗiye.