Akwatin Marigayi Haliru

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Ma'azu ƙara a Bagudo: motar takin wani kamfani ta tsallaka ƙasar Binin, ta dawo wayam. Manaja Ɗanmusa da kansa ya taso ƙeyar direba Yero, yana cewa a miƙa shi kotun shari'a. Yero, bawan Allah, sai kallon hannunsa na dama yake don tsoron haddi, yana rantsuwa ta imel aka turo masa umarnin.

Aka buɗe akwatunan saƙon ofishin Bagudo, aka tarar da su fes. Sufeto kuwa bai yarda da tsabtar da ta wuce kima ba.

Ya nemi Hamsatu mai kula da kwamfutocin kamfanin, wadda ake yi wa tsiya wai latse-latse ne aikinta. Ashe ta rubuta wata 'yar manhaja mai leƙa saba, wato babbar kwamfutar ajiye saƙonni, ta Bagudo da ta reshensu na Kamba mai riƙe kwafi, kowace safiya, tana kawo rahoton cikar akwatin kowa. Sufeto ya bi layukan da yatsa, ya tsaya.

"Wane ne Haliru?"

"Tsohon akawunmu, ranka ya daɗe. Ya rasu da azumin bara."

"Mamaci ne ke cika akwati duk Alhamis, ya zazzage Juma'a?"

Ta ce ta so rufe akwatin, manaja ya hana, wai rashin kunya ne a goge sunan dattijo.

Sufeto ya je gaida Mairama, matar marigayin. Cikin hira ta ce ai kwamfutar malam a rabon 'yarsu ta faɗo, matar Ɗanmusa.

Da aka tsare Ɗanmusa, dariya ya yi. "To, ina saƙon, Sufeto?"

Hamsatu ta ajiye rahoton Asabar. Akwatin Haliru na Bagudo ya ragu, kwafin Kamba yana nan maƙil. Ranar Juma'ar sabar Kamba a kashe take, domin shi manajan ne ya hana man janareto, gogewar ba ta isa can ba. Aka buɗe, sai ga umarnin, har da sunan mai karɓar kaya a ƙetare.

Ai fa dariyar Ɗanmusa ta ƙare. Ya amsa laifinsa, aka sa masa ankwa.

Sufeto ya buɗe wa Yero ƙofar ɗakin da aka tsare shi, ransa fari ƙal. Yero ya miƙa masa hannun nan na dama, ya daɗe bai saki ba.