Goro a Hular Baba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau biyu ana yi wa Baba allurar da ke nuna gudun jini a zuciya, hoton bai nuna komai ba. Likita ya ce in na gobe ya ɓaci, ba zai gane jijiyar da ta toshe ba. Ya hana Baba shayi da goro, don suna ɓata hoton.

Bayan isha'i ina kuka a lungun Bagama da ke bayan asibiti, wata mata ta tsaya gefena. Ban ji takunta ba.

"Sa'ida, bar kukan. Duba naɗin hular Malam."

Muryar Inna ce. Bara muka binne ta.

Da safe na zazzage hular, gutsirarren goro ya faɗo. Na kai wa likita.