Tabon Cikin Mastura

"Ɗaga rigarki in gani."

Mastura ta ji kamar ƙasar unguwarsu ta Nuzla ta tsage ta shige. Hajiya Rabi'a ce zaune gabanta, uwar Abdulghani, wanda saura kwanaki a ɗaura musu aure.

Aikin Aissa mai dilka ne. Tana murza jikin amarya ta ci karo da tabo a mara, kuma dama ita Aissa ƙanwarta ta so a ba Abdulghani. Kafin la'asar zance ya kai Ruwais, unguwar su Hajiya: wai amarya ta taɓa haihuwa, yanka ta aka yi.

Daga bayan labule Abdulghani ya ce, "Ummi, don Allah..."

"Kai, rufe min baki."

Mastura ta ɗaga rigar. Hajiya ta gyara tabarau, ta bi tabon da yatsa tun daga saman cibiya.

"Wannan ba na haihuwa ba ne..."

"Hanji ne, Ummi. Shekaru na yi ina zawo da jini, har aka yi min tiyata."

Maimakon fuskar Hajiya ta saki, sai ta ƙara haɗewa.

"Gyambon hanji? Shi ya cinye ƙanena Othman. A yanke nan ya tsiro can, matarsa ta tsufa a kan kujerar asibiti. Ba zan ɗaura wa ɗana jinya ba."

Hawaye suka zubo wa Mastura.

"Likita ya ce iri biyu ne, Ummi. Akwai mai tsallake-tsallake, daga baki har ƙasa ko'ina yana iya sauka, wuƙa ba ta raba mutum da shi, sai lallaɓawa da magani. Nawa babban hanji kaɗai ya sani. An cire shi gaba ɗaya, ina zai dawo ya zauna?"

"Halas, ya ƙare kenan?"

"Sai yawan zagayawa."

Muryar Abdulghani ta sake ratso labule. "Na san komai tun kafin in kai gaisuwa, Ummi. Shi ya sa na kama gida mai banɗaki biyu. Kuma wallahi ko irin na Kawu Othman ne, habibti, masoyiyata Mastura, ke ɗin dai ce."

"Ji marar kunya, a gabana!"

Hajiya ta sauke ajiyar zuciya, ta saki rigar da hannunta, ta jawo Mastura jikinta.

"Share hawayenki, ɗiyata. Yalla, maza ɗauko min abayata. Gidan Aissa za mu, yau ni zan yi mata dilka."